Igiyar da Ta Kayar da Sabiru

Tun kafin a ciro Sabiru daga cikin rijiya mutanen Tungar Rini suka fara neman wanda za su ɗora wa laifi. Halinsu ke nan, Allah ya shirya su, in abu ya faru ba mai tambayar yadda ya faru, kowa sunan mutum yake so.

Sabiru mai yasar rijiya ne, har Bilbis da 'Yandoto ana aiko masa. Ranar da safe ya hau guntun icen da ake ɗaurewa a ƙarshen igiya, ƙanensa Bashar yana sakar masa daga sama. Igiyar sabuwa ce fil, shuɗiya, mai kauri da laushi, wadda Alhaji Barmo ya ba gari kyauta. Bai kai rabi ba ta rabu biyu. Da tsohuwar igiya aka fito da shi, da ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ko tsunkuli ba ya ji.

Motar da ta ɗauke shi zuwa asibiti a Gusau tana tashi, Alhaji Barmo ya ɗaga bakin igiyar sama. A shafe yake sumul.

"Ku diba hwa, jama'a! Wanga ba tsinkewa ba ta. Yanka na, wuƙa anka sa."

Mai Gari ya aika a kira Mahadi, mai bin sawu. Dattijo ne siriri, mai saurin fushi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin shanun sata daga Tsafe har bayan duwatsun Kwatarkwashi. Ya zo ya tarar an tattake wurin kamar kasuwa. Ya zagi wanda zai zaga, ya durƙusa. Can gefen gungumen giginyar da igiya ke bi ta kansa ya ga sawun takalmin ruwa mai faci a dunduniya, raɓa ba ta taɓa shi ba.

"Na wa na?" in ji Mai Gari.

"Na Istifanus na. Kuma na yau na."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. Amma bai miƙe tsaye ba taron ya watse a guje. Istifanus mai gyaran famfo ne da injin ban ruwa, baƙon da ya daina zama baƙo, don 'ya'yansa duk a garin aka haife su. Kowa ya san ya sha faɗa a bainar jama'a cewa rijiyar nan ta tsufa, a bar ta a haƙa burtsatse, kuma kowa ya san sun yi cacar baki da Sabiru a kan haka. Kafin azahar an ƙone rumfar aikinsa, an fasa tagogin gidansa, matarsa Mercy da yara suna ciki suna kuka. Da ƙyar Mai Gari ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin zaurensa. Ya ce bayan sallar Juma'a za a miƙa shi ga hukuma, iyalinsa kuma su nemi wani gari.

Mahadi ya tsaya yana kallon hayaƙin rumfar, ransa na tafasa. Da bakinsa aka kunna wutar nan. In har mutumin nan bai yi ba, to shi Mahadi ne ya kore shi.

* * *

Ya fara da Bashar, don akwai masu raɗe-raɗin cewa tsakaninsa da yayansa akwai rikicin gonar gado. Ya same shi a ƙofar gida, idanu jajir. Ba sallama ba komai ya kama hannuwansa ya juya. Tafin ya saɓule.

"Saki kay yi?"

"Baba Mahadi, wallahi ban saki ba. Na riƙe, na tokare ƙahwa ga gungume. Amma sai nij ji yana ta sauka, ni ko ban ƙara mishi igiya ba."

"Kai, kak ka maishe ni yaro. Ka riƙe kuma yana sauka?"

"Haka kowa ka ce min. Shi as sa na yi kurum. Amma na ji shi yana kira, Bashar tsaya, tsaya! Ni ko a tsaye nike."

Wasila, matar Sabiru, ta leƙo daga bayan labule, murya a dishe. "Gona sun raba ta tun bara, Malam. Ku bar yaron ga da abin da ka damun shi."

Mahadi ya sake hannuwan. Maganar ba ta shiga kansa ba, amma wanda ya saki igiya da gangan ba ya rasa fatar hannunsa.

* * *

A ɗakin zaure Istifanus na zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Bai ɗago kai ba.

"Mi yak kai ka bakin rijiya da sassahe?"

"Ka ga sawuna, ai ka gama aikinka, Malam Mahadi."

"Ina tambayar ka!"

"Na je in ce wa Sabiru ya bari in sa inji in zuƙe ruwan kafin ya sauka. Ya ce ba ya so. Na taɓa igiyar na ce masa ta cika laushi, ban yarda da ita ba. Ya yi dariya ya ce baƙin ciki nake yi. Na juyo."

"Wa yaj ji ku?"

"Shi da ke kwance a Gusau bai san inda kansa yake ba."

Mahadi ya fito yana ƙunƙuni. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Igiya in ta rabu, baki biyu take yi. Gari duka ya taru a kan baki ɗaya, ya ƙone rumfa a kansa, ba wanda ya tambayi ɗayan.

Ya ari ƙugiyar ciro guga ya koma rijiya. Mata masu ɗiban ruwa suna kallonsa yana ta jefawa yana janyo taɓo da tsofaffin gugogi. Rana ta kusa faɗuwa kafin ƙugiyar ta kama wani abu mai nauyi. Guntun icen ne ya fito, da sauran shuɗiyar igiya a jikinsa.

Ya wanke bakin ya shimfiɗa a cinyarsa. Ba alamar wuƙa ko ɗaya. Daga kauri igiyar ta yi ta sirancewa har ta koma kamar wutsiyar ɓera, shuɗin ya koɗe ya zama fari-fari, zaruruwan sun miƙe sun yi dogon gashi. Ya tuna maganar Bashar. Igiyar ce ta yi ta tsawo da mutum a jikinta har ta gaji. To in na ƙasa ya tsinke da kansa, wa ya yanke na sama?

Ya naɗe guntun ya ɓoye a rigarsa.

* * *

Washegari a kasuwar Tsafe masu sayar da igiya suka yi ta juya guntun. Ɗaya ya ce irin wannan mai kaurin kwanan nan ta shigo, mutanen ƙauye kuma rububinta suke yi, don su in igiya ta cika hannu shi ke nan ta yi. Ya ce zaren dai irin na masana'antar buhu da igiya ta Gusau ne.

Mai gadin masana'antar ya so ya hana shi shiga, Mahadi ya ɗaga murya har aka kira injiniyar wurin. Sai ga mace, Dibora, doguwa da hular kwano a kai. Ta karɓi guntun, ta zare zare ɗaya, ta naɗa a yatsu biyu ta ja. Ya miƙe, ya yi fari, ya ƙara miƙewa, sannan ya tsinke ba ko ƙara. Fuskarta ta canza.

"Baba, a ina ka samo wannan?"

"Cikin rijiya. Ta karya bayan mutum."

Ta ja shi ciki, wurin zafi da ƙara da warin roba. Ta nuna masa ƙwayoyin roba kamar shinkafa ana zubawa a inji, suna narkewa, ana matso su ta ƙananan hudoji kamar yadda ake murza taliya, suna faɗawa cikin ruwa su daskare.

"A nan zare ya samu, amma ba shi da ƙarfi," in ji ta da ƙarfi don ya ji. "Abin da ke cikinsa a cukurkuɗe yake, kowanne ya kalli gabansa. Yanzu dubi can."

Zaruruwan suna bi ta kan wasu rololi, wato ƙarafa masu juyawa, su shiga doguwar tanda mai zafi, su fito su hau wasu rololin da ke gudu fiye da na farko nesa ba kusa ba.

"Na ƙarshe suna ja, na farko suna riƙewa, zafi kuma ya sa ya yi laushi. Sai ya ninka tsawonsa sau biyar ko shida. Wannan jan ne ke jera abin da ke cikinsa ya kwanta ta hanya ɗaya, kamar an jera kara za a ɗaure. Daga nan ba ya ƙara miƙewa, kuma ɗaukar nauyi sai dai ka gaji."

Ta miƙa masa zaren da ya fito. Siriri ne, yana sheƙi. Ya naɗa a yatsa ya ja da duk ƙarfinsa, sai da ya kusa yanka shi.

"Kamar alewa ke nan," in ji Mahadi. "Sai an ja ta ga ƙusa taka yin kyau."

"Kusan haka. Bambancin shi ne wanda ba mu ja ba, nauyin farko da ya hau kansa shi zai ja shi. In mutum ne, to mutum."

"To ku kunka yi wagga igiya?"

Ranta ya ɓaci. "Allah ya kiyaye! Wannan shara ce. In an ɗauke wuta, ko muna tada inji, zaren da ke fita bai bi tanda ba, yankewa muke mu zubar a baya. Akwai mai zuwa kwasa, ya ce cusa matashin kai yake yi da katifa. Ni da bakina na gaya masa kada ko akuya a ɗaure da shi."

"Wane na?"

"Ban riƙe sunansa ba. Sau ɗaya na gan shi, direbansa ke zuwa da a-kori-kura. Da safen nan ma ya kwasa."

A bayan ginin, kusa da tulin zare mai kauri mara sheƙi, ƙasa ta yi laushi da ruwan inji. Mahadi ya durƙusa. Tayar baya ta hagu ba irin sauran ba ce, kuma ta cinye ta gefe ɗaya. Ya bi ta har bakin kwalta, inda ta karya ta nufi Bungudu.

* * *

A kan kwalta sawu ba ya zama, amma direban bai iya ɗaure kaya ba. Mahadi na bayan ɗan acaba yana ta dukan kafaɗarsa ya rage gudu, don shuɗin zare ya maƙale a ƙaya nan da can. Kafin a shiga Bungudu zaren ya sauka daga titi, tayar mai cin gefe ta sake bayyana a turɓaya, ta kai shi wani kango mai ƙofar langa-langa.

Ciki maza biyu ne suna murɗa igiya da injin hannu da aka haɗa da ƙafar keke. Nannaɗaɗɗun igiyoyi shuɗɗa sun kai rufi. Babban cikinsu, mai furfura a gemu, ya ɗauka mai saye ne.

"Tana da ƙarhi?" in ji Mahadi.

Mutumin ya dubi ƙofa, ya rage murya. "In shanya za ka yi ko ɗaurin kara, ta yi. Kak ka sa mata nauyi. Da damana sa yaf faɗa rami Kwatarkwashi, anka jawo shi da ita, ta miƙe ta tsinke, san ya karye. Mun hwaɗa ma Alhaji."

"Mi yac ce?"

"Ya ce mu ƙara mata kauri."

"Wane Alhaji?"

"Alhaji Barmo mana, na Tungar Rini."

Mahadi ya tuna ranar da aka kawo igiyar nan ƙofar masallaci, ana ta Allah ya saka da alheri, har shi ya shafa ya ce madalla. Ya ji kamar ya rushe kangon da hannunsa. Ya dai daure, ya ce da mai furfurar ya shirya, Juma'a yana da magana a gaban Mai Gari, in kuma bai zo ba, shi Mahadi ya riga ya ga sawunsa.

* * *

Bayan an sauko Juma'a gari ya cika ƙofar Mai Gari. An fito da Istifanus an zaunar a ƙasa. Bashar na gefe kansa a sunkuye. Alhaji Barmo yana kan kujera cikin farar shadda, da igiyar a naɗe a gabansa, don tun ranar ya ce shi zai adana shaida.

Mahadi bai yi dogon bayani ba. Ya sa aka ɗaura igiya biyu a reshen tsamiya, siririya mai sheƙi ta masana'anta da ya karɓo wurin Dibora, da wani yanki na kyautar Alhaji. Ya ce ƙarti biyu su rataya a siririyar. Suka yi lilo har suka gaji, ko gezau. Ya ce ɗaya kaɗai ya kama mai kaurin ya ɗage ƙafa. Mutumin yana riƙe, bai saki ba, amma sai ga shi yana saukowa a hankali. Igiyar ta yi fari a tsakiya, ta sirance, ta rabu, ya zube a ƙasa.

Bashar ya fashe da kuka. "Haka na! Wallahi haka tay yi!"

Mahadi ya zaro guntun rijiya daga rigarsa ya ajiye kusa da wanda ya tsinke yanzu. Iri ɗaya ne, kamar tagwaye. Sannan ya ɗauko igiyar da ke gaban Alhaji ya haɗa shafaffen bakinta da na rijiya.

"Ku da kunka iya shari'a, ku gwada min. Igiya guda, baki guda ya tsinke, guda an yanke. Ina gashin da ya kamata shi zan ga na bisa? Wa yag gyara mata baki bayan Sabiru ya hwaɗi? Hannun wa ta shiga sa'ad da kowa ka leƙen rijiya?"

Duk idanu suka juya kan Alhaji.

"Kai Mahadi, ka san da wa kaka magana?" in ji Alhaji Barmo. "Ni da nib ba gari kyauta?"

"Sharar masana'anta kab ba mu, wadda anka ce maka ko akuya kak ka ɗaure da ita." Ya yafito mai furfurar Bungudu, wanda ya maimaita zancen san Kwatarkwashi. "Ka sani tun damana. Da ta kada mutum, sai ka tuna kana da ɗaki cike da irinta Bungudu, ka hidda wuƙa."

Alhaji ya share zufa. "Ni ban ambaci sunan kowa ba. Cewa kawai niy yi yanka na. Kai kac ce Istifanus."

Maganar ta soki Mahadi inda ba ya so, don haka aka yi. Taron ya fara kururuwa, samari suna neman duwatsu, waɗanda suka ƙone rumfa su ne a gaba. Mahadi ya juya kansu da sandarsa.

"Wanda yat taɓa shi sai na hwasa mishi kai! Ba ku ƙoshi ba? Ku ba ku san komi ba sai wuta?"

Mai Gari ya sa dogarawansa suka shigar da Alhaji ɗakin da aka fito da Istifanus, ya aika Tsafe a kira 'yan sanda. Ya kuma ba da umarni a kwance duk shuɗiyar igiyar da ke gari. Sannan ya dubi Istifanus ya ce sai haƙuri, ƙaddara ce, gari zai gyara masa rumfa.

Istifanus ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya wuce ta tsakiyar mutane. Kowa ya sunkuyar da kai ya ba shi hanya.

* * *

Mahadi ya bi shi har gida. A ƙofa ya tarar da mota, an riga an ɗora gado da tukwane da ƙonannen injin ban ruwa. Mercy na zaune a gaba da ƙaramar 'yarsu, ba ta ko dube shi ba.

"An wanke ka, Istifanus. Gaban kowa. Sauke kayan ga."

"Na gode, Malam Mahadi. Ka wahala."

"To mi kaka nema kuma? In duƙa maka? Ga ni na duƙa. Ni nif fara, ni ka roƙon ka."

Istifanus ya ja igiyar kayan ya ɗaure, ya gwada ta da hannu. "Ba ƙarya ka yi ba, sawuna ne. Kai ka ga sawu ka faɗa. Amma wanda ya jefi tagar ɗakin da 'yata take, ni na kai matarsa asibiti tana naƙuda. Yarinyar ta gan shi, ta kira sunansa ma. Yaya zan ce mata ta gaishe shi gobe?"

Mahadi ya ja da baya daga jikin motar.

"In ka je Gusau ka duba Sabiru," in ji Istifanus yana hawa mota, "ka ce masa ban yi fushi da shi ba. Shi kaɗai ne bai ce ni na yi ba."

Motar ta tashi. Mahadi ya tsaya a ƙofar gidan da ba kowa, sanda a hannu, yana jin maƙwabta suna rufe ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya don kada su haɗa ido da shi.